Carkin Giwa Mai Jan Baki

Shekarun baya can, Turawa ba su daɗe da zuwa ƙasar Gumel ba, wani Bature mai tara tsuntsaye ya sauka a Maigatari. Ni maharbi ne, sai aka haɗa mu: in harbo, shi ya feɗe, ya ɗaura wa kowanne takarda mai sunansa da na danginsa a ƙafa.

Wata rana na kawo masa carkin giwa biyu, baƙin tsuntsun nan mai dogon bindi da ke bin garken shanu. Ɗaya bakinsa baƙi, ɗaya ja. Ta bakin tafinta Baturen ya ce malaman ƙasarsu sun rabu a kansu: wasu na cewa iri biyu ne, kowanne da sunansa, wasu na cewa miji da mata ne. Ya tambaye ni. Na ce iri biyu. Abokina, shi ma maharbi, ya ce jan bakin mace ce. Bature ya wuce Damagaram ya bar mu da gardama.

A bakin kasuwa abokina ya ce ban san daji ba. Wannan ta tsaya min a rai. Na taka har wajen Gagarawa inda tsuntsayen suke kwana a kan giginya, na kafa tarko, na kama mai jan baki da ransa. Niyyata in ajiye shi, in ga ko zai yi ƙwai.

Damina guda ina kamo masa fara da gara. Mahaifiyata ta ce sa'o'ina na noma gero, ni ina noma tsuntsu. Ban saki ba.

Ƙwai dai bai zo ba. Amma a hankali jan ya fara dushewa, har bakin ya koma baƙi ƙirin. Ashe yaro ne. Da ni da abokina duk mun yi kuskure.

Na kira abokin nawa ya gani. Ya daɗe yana leƙen kejin, sannan ya ce, "Kai dai ka musanya shi."

Har Allah Ya yi masa rasuwa bai janye ba.

Ban sake jin labarin Baturen ba, ban kuma san amsar wa ya kai gida ba. Tun daga nan, in aka tambaye ni abin da ban zauna na gani da idona ba, nakan ce a ba ni lokaci. Ranar da na buɗe kejin, tsuntsun ya shige cikin 'yan'uwansa, ni kaina na kasa ware shi.