Injin da Ya Aske Mana Iyaka

Mu huɗu ne a gindin murhu ran nan: ni, da Yaya Sale, da Hajjo 'yar baffanmu, sai kakarmu Inna Dudu. A Tirwun ne, lokacin da daga ƙofarmu ba ka hango komai sai gonaki da duwatsu. An gama girbi, Inna ta baje laujuna da fartanyu tana shafa musu man gyaɗa kafin a rataye su. Ba ta yin tatsuniya hannu sake. Wanda ya zauna haka kawai, tsumma take cilla masa.

"Ga ta nan," in ji ta. "Mai kunne ya matso, mai gyangyaɗi ya nemi uwarsa."

Labarin wani rago ne da ya yar da laujensa bayan rumbu har ya yi tsatsa, ciyawa ta rufe masa gona. Ya je gindin tsamiya yana kuka. Aljanar cikinta ta karɓi laujen ta wasa, ta ce daga yau da kansa zai riƙa yanka. Mutumin ya ajiye shi a bakin gona, ya miƙe a inuwa. Lauje ya yanke ciyawa. Ya yanke gero. Ya yanke shinge, har igiyar akuya bai bari ba. Da ragon ya farka ko'ina fetal, ya rasa inda gonarsa ta tsaya, maƙwabta kuwa kowa ya rantse tasa ce ta kawo nan.

Sale ya ce, "Inna, ai aljanar ce muguwa."

"Rufe mini baki, sarkin ragwaye. Kaifi ya roƙa, kaifi ta ba shi. Ƙarfe bai san naka da na wani ba, mai riƙe da shi ne ya sani."

Gonarmu ba ta da shinge. Gamba ce Inna ta dasa layi guda, daga rafi har dutse, ita ce iyakarmu. Da kaka a yanke ta a saƙa zana, a bar gindin. Ko yaron goye ya san ba a kai mata fartanya.

Sale ya girma ya yi aikin lambu a gidajen gwamnati, da ya yi ritaya aka bar masa wani mataccen injin yankan ciyawa. Injin ya yi shekara da shekaru a zaure, kaji na kwana a kansa. Kafin Sale ya rasu gari ya riga ya iso mu, wani ɗan kasuwa ya sayi gonar gabas ya jibge bulo.

Ɗan Sale, Nasiru, ya ce ciyawa ce ke sa a raina fili. Ya ɗora injin a keke sai kasuwar Wunti, bakanike ya sake masa filogi, ya wanke shi, ya wasa wuƙar. Farkon damina ne, gamba ta fara tofo, ba ta kai gwiwa ba. Uban bai taɓa zaunar da shi ya nuna masa ita ba.

Bayan 'yan kwanaki ya zo mini yana washe baki. "Goggo, zo ki ga aiki! Kamar filin ƙwallo."

Na je. Ya aske gonar ƙwal, har layin Inna. Leburorin maƙwabci kuma sun ja igiya, sun haƙa tushen katanga a cikin kunyoyinmu, sun zuba kankare.

Na ce wa ɗan kasuwar, "Alhaji, ka shigo mana."

Ya ce, "Hajiya, nuna mini iyakar, yanzu in sa a fasa." Murmushi yake yi. Ya fi ni sanin babu abin nunawa.

Da muna yara na ɗauka Inna lalaci take zagi. Nasiru ba rago ba ne, gumi ya yi. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: an gadar masa ƙarfen, ba a gadar masa idon ba. Ban zage shi ba, don wanda ya kamata in zaga yana kabari.

Washegari da na idar da asuba na ɗauki turaku da dutse, na tuɓe takalmi a bakin rafi. Gamba ko an aske ta gindinta na da tauri, tafin ƙafa na gane shi. Duk inda ya soke ni na kafa turke, ina tafe ina lalube, har babban yatsana ya daki kankare. Nan na kafa na ƙarshe, na zauna a kan bulon Alhajin ina jiran leburori.