Hoton Baffa Ari da Kakin Babana

Kashegarin Sallar Layya ta shekarar 1976, gidanmu na Gure yana ta ƙaurin kitse, aka ce mai hoto ya zo daga Damagaram ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku a bakin kasuwa. Ina da shekara goma, ina cikin kankare kaskon suya, sai ga Baffa Ari, ƙanen babana, ya shigo yana washe baki. Ya tsuguna gaban Baba ya ce, "Yaya, aron kakinka na zo, na hoto ɗaya kawai."

Babana tsohon soja ne. Anasara suka kwashe shi yana saurayi, suka kai shi yaƙin Andoshin, can gabas mai nisa, ya dawo da ƙafa ɗaya tana ja. Bai cika zancen ba. Kullum da sassafe yakan gangara garkarsa ta cikin kwari, wajen dabino da rogo, ni kuma in na taso daga lakwal, wato makarantar boko, in kai masa fura, in tsaya korar awaki har la'asar, ƙawayena na can suna gaɗa. A can ne wani lokaci bakinsa kan buɗe, ya faɗi yadda suka kwana uku cikin taɓo da gawar abokinsa. Kakin da lambobin yabonsa biyu suna ƙasan akwatin ƙarfe, tare da hotonsa guda ɗaya tak, ƙarami, manne a littafinsa na soja. Ban taɓa ganin ya saka su ba.

Shi kuwa Baffa Ari iyakar yaƙinsa kasuwar Gidigir, mutumin da ko kunama aka gani a ɗaki matarsa yake kira. Amma Baba ya miƙa masa makulli. Ni aka sa na goge lambobin da toka da lemun tsami har suka ɗauki ido. Na bi shi kasuwa ina kallo, ya cusa tsumma a kafaɗu don rigar ta yi masa yawa, ya turo ƙirji, ya murtuke fuska, 'yan kallo suna sara masa suna dariya. Ƙyama ta kama ni har na kasa cin nama ranar. Na koma na tambayi Baba dalilin da ya yarda. Ya ce, "Bar shi ya saka, Hadiza. Shi ba zai ji warin gawar ba."

Bayan damina biyu gara ta shiga akwatin ta cinye kakin da littafin da hoton, ta bar mana maɓallai. Baba bai ƙara tsayawa gaban mai hoto ba har ya rasu. Baffa kuwa ya sa aka faɗaɗa nasa, ya rataye a zaure. Da farko cewa yake wasa ne. Da tsofaffin gari suka fara ƙarewa, sai ya riƙa zaunar da yara yana ba su labarin kwana uku cikin taɓo, har da share hawaye, don rashin kunya.

Bara jikokinsa suka yaɗa hoton a waya, an zuba masa launi, an rubuta "Kakanmu jarumi". Na faɗi gaskiya, sai wata ta ce, "Inna, to ina na babanki?" Ba ni da abin nunawa. A da, duk Gure an san wanda ya je da wanda ya yi aro, in ka yi ƙarya tsohuwar da ke bakin rijiya ma ta ishe ka. Yanzu wanda ya bar takarda shi ake yarda da shi. Ni kaɗai na rage da fuskar Baba, ni ma kuma ta fara ɓace mini.