Ƙariyar Inna a Gwangwani

Tun kafin in shuka komai nake tsoron hannuna. Ina yarinya a Nguru an ba ni kaza ta mutu, an ba ni ɗan akuya ya bi ta, har yayyena suka riƙa cewa kada a ba ni riƙon abu mai rai. Su wasa suke yi, ni kuwa na riƙe maganar. Da aure ya kawo ni Gashuwa na haifi 'yata, in ta yi barcin rana nakan bar wanke-wanke in je in kara yatsa a hancinta, sau uku sau huɗu kafin ta farka.

A bakin ɗakin Inna, mahaifiyata, akwai ƙariya. Itaciya ce gajera mai ƙaton gindi kamar tulu, da rani take fure, lokacin da ba ta da ganye ko ɗaya, kuma ba kasafai take yin 'ya'ya ba. Shekarar da Inna ta kwanta ciwo sai ta fid da kwanso biyu masu kama da ƙahon akuya. Inna ta sa aka naɗe su da zare don kada su fashe iska ta kwashe irin. Ba ta ga bushewarsu ba. Da aka raba gida, wanda wurin ya faɗa wa ya sare itaciyar ya yi shago. Ni kwanson nan kawai na ƙullo a bakin zane.

Da damina na zuba rairayi a gwangwanayen tumatir na shuka. Tara suka fito, kowanne da ɗan tumbinsa kamar ƙwayar gyaɗa.

Uwar mijina mutuniyar Katuzu ce, a fadama ta tashi, kuma tana sona. Ta leƙa ta ce, "'Yar nan, me za su ci a rairayi? Ko tattasai ba ya yarda da wannan." Ta aika aka kawo baƙar ƙasar fadama da takin awaki, muka sauya musu. Na yi murna, don ni ban taɓa raya komai ba, ita kuwa ta yi shekaru tana rainon irin albasa.

Da sanyi ya shigo ganyen suka yi rawaya suka zube. Uwar mijina ta ce ƙishi ne. Na riƙa ba su ruwa safe da yamma, in na ga ba su farfaɗo ba in ƙara da azahar. Wata safiya na taɓa gindin ɗaya, yatsana ya lume, wani ruwa mai wari ya fito. Kafin mako biyu shida sun tafi haka. Na kasa cin abinci. Maigida ya ce, "A kan ciyawa?"

A kwanakin ne Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ta zauna gida ɗaya da Inna, ta zo suna Gashuwa ta sauka wurinmu. Ta ɗaga gwangwani ɗaya, ruwa na ɗiga.

Ta ce, "Shinkafa kika shuka?"

Uwar mijina ta ce, "Mu dai a wajenmu, abu in ya yanƙwane ruwa ake ba shi."

"Ai ku mutanen kogi ko dutse aka ba ku ajiya sai kun jiƙa shi."

Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Gwaggo ta juyo ta ce mini, "Duk zamanki da uwarki, kin taɓa ganin ta zuba wa itaciyar nan ruwa da sanyi?"

Ban taɓa gani ba. Ban ma taɓa lura ba, kuma babu sauran damar tambaya.

Ta zazzage ukun da suka rage, ta shanya saiwarsu a inuwa, ta huda gindin gwangwanayen da ƙusa, ta mayar da su cikin rairayi. Ta kama yatsuna ta matsa gindin ɗaya da su. "Kin ji tauri? Barci yake. Ki ƙyale shi. In zafi ya shigo ki ɗan ɗiga masa, kwana goma-goma."

Bazara ta ci ɗaya, kuma laifina ne. Ruwan jikin ƙariya dafi ne, 'yata kuwa ta fara tafiya, komai sai ta kai baki. Na ɗora su kan katanga. Rana ta gasa gwangwanin har ba ya taɓuwa, na gefen yamma ya dahu a ciki, ya motse kamar busasshiyar kuɓewa. Biyun na rataye su da igiya a ƙarƙashin rumfar zana. Da ruwan fari ya sauka suka fid da ganye, na tsaya ina kallo har tuwona ya kama.

Sanyin bana suka sake zubar da ganye. Na daure, ban ba su ko ɗigo ba. Sai yayar uwar mijina ta zo jinya ta yi mako uku a gidan. Ashe duk alwalar da ta yi, sauran ruwan buta a gwangwanin da hannunta ke kaiwa take juyewa. Da na gane ta ce, "Tausayi ya ba ni, na ga kin manta da shi." Me zan ce wa tsohuwa? Na yi mata godiya, na zagaya bayan ɗaki na zubar da ruɓaɓɓen.

Saura ɗaya. Tsawonsa bai kai yatsa ba, babu ganye, wanda bai sani ba zai ce tsinke ne aka soka a rairayi. Ina matsa gindinsa kullum, har ina tsoron matsawar ma ta yi masa illa. Jiya da tauri. Ruwan sama kuwa da sauran watanni.

In Allah ya kawo ki gidana kika ga gwangwani a rataye a rumfa, ƙasarsa a bushe, don Allah kada ki zuba masa ruwa.