Ɗanyen Mai a Kwalbar Zuma

Duk wani babban bala'i da ya auka wa ɗan Adam, in ka bi salsalarsa, za ka tarar da kwalbar da ba a rubuta suna a jikinta ba.

Muna sallame sallar asuba muka bar unguwar Danau Kota a guje a mota, ni da maƙwabcina, ɗalibi mai binciken ɗanyen man fetur. Samfurin da ya sha wuya kafin ya samu, a tsohuwar kwalbar zuma ya adana shi. Maiɗakinsa ta ɗauka baƙar zuma ce, ta kai wa wata Hajiya a unguwar Cheras da ta zo wa 'yarta wankan jego. Ita kuwa Hajiya kullum sai ta karya da zuma a ruwan ɗumi. Wayar gidan a kashe.

Titunan Kuala Lumpur sumul suke, amma ranar an tashi da ruwa, ga cunkoso, babura na ratsa mu kamar kiyashi. Shagunan abincin Indiyawa Musulmi, wato mamak, sun fara suyar gurasar roti, ko kallo ba su ishe mu ba. Don in kwantar wa maƙwabcina da hankali sai na ɗauko tarihin ɗanyen mai: mutanen Iraƙi na dā da kwalta suke liƙe jiragen ruwa, Sinawa da gora suka haƙa rijiyarsa, a tsibirin Borneo kuma fitila ake kunnawa da shi.

"Malam, akwai wanda ya sha?"

"Akwai, don magani."

"Sun rayu?"

"Littafin bai faɗa ba."

Daga nan sai salati da hon.

Da muka isa benen, lif ya ƙi saukowa, muka bi matakala. Hajiya da kanta ta buɗe, da kofi a hannu. Abokina ya durƙusa, gaisuwar ma ta gagara.

"Hajiya, zumar nan..."

"Wace zuma, ɗan nan? Ina buɗewa na ji warin gareji. Na ɗiga wa ƙofa, kukanta na tashin jariri. Sauran na ba mai gadi, ya shafe sarƙar babur ɗinsa."

Da hantsi muka dawo gida, shi yana tunanin abin da zai faɗa wa malaminsa, ni ina nazarin cewa tun zamanin dā, kowa ya tsinci man nan sai ya samo masa aiki. Ƙofar dai ta daina kuka.