Injin Kwance Noti

Sojoji sun daɗe da komawa bariki lokacin da na sayi ƴar motata da ribar atamfa. Na haura arba'in kafin na shiga makarantar yaƙi da jahilci, tuƙi ma da furfurata na koya, shi ya sa mazan unguwarmu suke zaton komai sai an tauna mini.

Wata Talata tayata ta yi faci a Ƙofar Dawanau. Ina da jak, ina da sifana, amma notin ya ƙi motsi, ni kuma wuyan hannuna na dama ya taɓa karyewa. Awa biyu ina tsaye a rana kafin wani ɗan acaɓa ya taimaka. Labari ya riga ni isa gida. Malam, mijina, ya ce ba zai lamunci matarsa tana roƙon ƙatti a titi ba. Ko in canza taya da hannuna a gabansa ranar Juma'a, ko in ajiye mukulli.

Tsohon mai facin bakin titinmu ya ce akwai injin batir da ke kwance noti, wanda in ya ji tauri sai ya riƙa duka, kaf-kaf-kaf. Ƙanena ya ji zancen, ya ce, "Yaya, kasuwar ƙarfe ba wurin mata ba ce. Bar ni da shi." Wannan mutum ko fitilar ɗakinsa ta mutu sai ya kira wani, amma na biye masa.

Ya dawo da akwati ja mai sheƙi, batir biyu, har da ƴar tocila a goshin injin. Ya ce araha ya samu, kuma mai shagon abokinsa ne. Na duba kwalin, na ga hoton wani Bature yana huda katako.

"Wannan ai na kafintoci ne."

"Kai, Yaya! Daga koyon karatu jiya?"

Lungunmu ba ya cin mota, a bakin titi nake ajiye ta, daidai inda dattawa ke shimfiɗa tabarma. Don haka ranar Juma'a bayan la'asar, majalisa guda ce ta zuba mini ido. Na ɗora injin a kan noti na danna. Ya yi ɗan kuka irin na sauro, ya tsaya. Ƙanena ya fizge, wai ban iya riƙo ba. Ya danna har abin ya fara ƙauri.

Wani dattijo ya ce, "Alhaji, kunna tocilar mana, ko notin ya ji tsoro."

Aka kwashe da dariya. Malam bai yi ba, hannu kawai ya miƙo in ba shi mukulli. Na ce Juma'a ba ta ƙare ba sai an kira magariba. Na shiga mota.

A kasuwa na tsaya ƙofar wani shago, na ce wa mai shi ba na son ganin kwali. Ga mota, ga noti, injin da ya kwance shi a hannuna shi zan ɗauka. Ya ce, "Hajiya, ba a gwada sabon kaya." Na tayar da mota, sai ga shi a guje da guda uku. Biyu masu kyan fenti suka yi kuka a banza. Na ukun na hannu ne, duk ya goge, batirinsa ɗaya tal, an ɗaure gindinsa da salatif. Ya yi kaf-kaf-kaf, noti ya faɗo a tafina.

Na iso ana shirin alwala. Na durƙusa da hijabina na ɗaga mota, na cire taya, na mayar, na ɗaure. Ƙanena ya ce ai irinsa ya so saya tun farko, ban ko kalle shi ba. Malam ya zagaya ya taka tayar da ƙafa, ya ce gobe in kai shi unguwar Shahuci gaisuwar mutuwa.