Farin Layi da Gadon Ƙarƙashin Esi

Shekara huɗu na yi ina acaɓa a Kano kafin in zo Doha tuƙi a wani gida a Gharrafa. To ni za a kira tseren mota?

Mu shida ne a ɗakinmu na Aziziya, gado ɗaya ne a ƙarƙashin esi, na'urar sanyaya ɗaki. Mai shi ya koma gida, ga zafi ya kankama. Ni da wani dattijo maigadi ɗan Gusau, Kawu muke ce masa, muka kafe a kan gadon. 'Yan ɗaki suka ce ran Juma'a da la'asar a je filin tseren ƙananan motocin nan na haya, wanda ya ci gado nasa.

Na ce, "Kawu, keke ma ka iya kuwa?"

Ya ce, "Ɗan nan, sa hular kwanonka."

Alƙalin fili na ta bayani a kan wani farin layi na gefen hanya. Kawu har gyaɗa kai yake kamar yana wurin wa'azi. Ni ina can ina gyara safar hannu.

Alƙali ya ce yalla, muka tashi! Wayyo daɗi! Gindina kamar yana gogar ƙasa, iska na marina. Amma fa tsohon nan ya riga ni kwanar farko ya tokare tsakiya. In yi dama, yana nan. In yi hagu, yana nan. A zagaye na biyun ƙarshe na hango fili fetal bayan farin layin. Jinin acaɓa ya motsa. Na sauka gefe da tayoyina huɗu, na yanke kwana, fuuu, na ɓullo gabansa har da ɗaga masa hannu.

'Yan ɗaki suna jikin shinge suna ihu, "Mayar masa! Ba shi ya wuce!" Ni in ba shi? A Kano wa ya taɓa mayar da hanya?

Na ƙetare layin ƙarshe ina kuwwa. Alƙali ya zo da takarda. Ashe in ka bar hanya ka wuce mutum, dole ka sassauta ya koma gabanka, in ka ƙi a ƙara maka daƙiƙa biyar. Ni kuwa da biyu na riga Kawu.

Na ce, "Ai ba rami a wurin!"

Ya ce, "Khalas," wato magana ta ƙare.

Da muka koma, Kawu ya shimfiɗa darduma a kan gadon, ya miƙo mini tsohon maficinsa.

"Riƙe, direba. Wannan ba shi da farin layi, kaɗa ta inda ka ga dama."