Ni da Surukina a Ɗakin Gumi na Helsinki

Mun tashi da asuba daga otal ɗin da Baba ya sauka a unguwar Deira, cikin tasin wani ɗan Pakistan da ya yi ta ce mana yalla yalla, sai ka ce mu muka makarar da shi. Bayan Babbar Sallah ne da 'yan kwanaki, cikin Agusta, lokacin da zafin Dubai ba ya jiran fitowar rana. Kafin in gama loda jakunkuna rigata ta manne da bayana. Baba kuwa yana gidan baya ya harɗe cikin babbar riga, carbi a hannu, ko gezau. Ku da kuka dame ni da tambayar me ya kai ma'aikacin kamfanin jigilar kaya ƙasar Finland, to ku gyara zama.

Baba mahaifin matata ne, ɗan kasuwar takarda a Kano, irin wadda masu buga littattafai ke saye. Wani Bature da suka haɗu a baje koli nan Dubai ya gayyace shi Helsinki ya ga kaya da idonsa, Turancin Baba kuma bai wuce na ciniki ba, sai aka ce in raka shi in yi tafinta. Ni ma ina da tawa a ƙasa. Tun da matata ta tafi gida wankan jego ba ta dawo ba. An yi arba'in, an yi yaye, yarinya har ta fara surutu, kullum zancen Baba sai ta ƙara ƙwari. Na kama fulat a unguwar International City nan Dubai, na yi musu biza, ga bizar tana shirin mutuwa a wata mai kamawa. Matata ta ja min kunne a waya, ta ce in na dawo ban yi wa Baba magana ba, kada in sake yi mata kukan kaɗaici. To ni tun da na auri 'yar mutumin nan ban taɓa haɗa ido da shi ba. Gaisuwa a durƙushe, Allah ya ƙara girma, in tashi.

Tun a jirgi na fara shan wuya. An ba mu kujeru manne da juna, aka kawo abinci, ni kuma ina zan iya tauna a gaban suruki? Na ce na ƙoshi. Baba ya cinye nasa tas, ya miƙa hannu ya ɗauke burodina ya ce kada a yi almubazzaranci. Sai da muka yada zango a Istanbul na lallaɓa bayan wani ginshiƙi na cusa abin da ya samu a tsaye.

Muna sauka Helsinki wata iska mai sanyi ta tarbe mu. Baba ya tsaya ya shaƙa, ya ce lallai waɗannan mutane har waje suka kunna wa esi. Su kuwa wai bazararsu ke nan, kowa da gajeren wando, ni ina ta laluben rigar sanyi. Muka shiga jirgin ƙasa zuwa cikin gari, Baba ya yi sallama da ƙarfi yadda ya saba. Ba wanda ya ɗago kai. Wata tsohuwa ta yi ɗan murmushi, ta tattara jakarta ta koma can nesa. Taragon cike yake da mutane amma tsit, har Baba ya sunkuyo ya tambaye ni ko wani babba ne ya rasu a garin. Daga baya muka gane haka Allah ya yi su. Ko a tashar bas, kowa sai ya bar tazarar da za a iya ajiye mota tsakaninsa da na kusa da shi.

Washegari muka nufi kasuwar bakin teku, inda rumfuna masu launin ruwan lemo suka yi layi. Nan fa ran Baba ya yi fari, don ya tarar ana auna ɗanyen wake da 'ya'yan itatuwan daji da gwangwani, irin awon mudu. Ya gyara tsayuwa ya fara tayi. Matar ta nuna masa farashi a allo. Ya rage, ta sake nuna allon. Ya nemi gyara, ta dube ni tana neman agaji. A ƙarshe ya biya yadda aka rubuta, yana mita cewa wannan ba kasuwa ba ce, ofis ne. Farashi kam sai haƙuri. Abin da muka bayar a kofin shayi da ɗan burodi mai kirfa zai ciyar da mutum biryani har da ruwan kwalba a Deira.

Abincinsu kifi ne da dankali. Akwai wani romon jan kifi da madara da ake haɗawa da baƙin burodi mai tsami, Baba ya sha kwano ya ƙara. Ni na sayi soyayyun ƙananan kifaye a faranti na zagaya bayan rumfa, nesa da idonsa. Na kai na farko baki ke nan, sai wani farin tsuntsun teku, ƙato, ya faɗo daga sama ya yi gaba da rabin farantin, 'yan'uwansa suka ƙarasa sauran. Na dawo ina share hannu, Baba ya tambaya ko na ci, na ce alhamdu lillahi. Wani mai rumfa kuma ya ba mu baƙar alewarsu mu ɗanɗana. Jama'a, ku kiyayi alewar nan, kanwa ce da gishiri aka dafa da mugunta. Baba ya tsotse tasa cikin dattako har ƙarshe, sannan ya ce in tambayi mutumin wace cuta take magani.

Muka hau jirgin ruwa zuwa wani tsibiri mai tsohuwar ganuwa da manyan igwogi. A hanya na yi ta bitar maganata a zuci. Da muka tsaya a kan ganuwar, ba kowa kusa, na ce, “Baba, dama...” Ya juyo. Sai na ƙarasa da cewa dama igwar nan da alama ta daɗe. Ya dube ta, ya ce ƙwarai kuwa.

Mun dace ana wani bikin waƙe-waƙe da zane-zane a cikin gari. A matakalar wata farar coci mai koren kubba mawaƙa sun yi sahu suna rerawa, jama'a sun cika fili, amma ba mai rawa, ba mai guɗa, ba mai liƙi. In an gama sai a tafa a hankali. Abin da ya tayar wa Baba da hankali shi ne wata jaririya da muka gani cikin kekenta a ƙofar shagon shayi, tana barci ita kaɗai, uwar tana ciki. Ashe haka suke yi, wai iska tana ƙara wa yaro lafiya. Baba ya kafe a wurin yana gadi har uwar ta fito, ya ce in yi mata faɗa sosai. Na gaya mata cewa dattijon nan ya ce 'yarta kyakkyawa ce, ta yi ta godiya. Muna tafiya ya ce jikarsa ma haka take barci da hannu a kunci. Ga ƙofa a buɗe, amma na sunkuyar da kai na ci gaba da tafiya.

Rana ta gaba Baturen ya zagaya da mu sito, Baba ya shafa takarda ya sunsuna, ya ce ta yi. Baturen dogo ne, magana kamar ana sayar masa da ita. Ya ce shi ba ya ƙulla ciniki a ofis, sai mun je bukkarsa ta bakin ruwa mun shiga sauna tare, wadda zai hura da hannunsa. Ya yi min bayani cewa ɗakin katako ne da ake gasa duwatsu a ciki, maza su tuɓe su zauna su yi gumi. Na roƙa a bar mu da gajeren wando da tawul, ya yarda. Na roƙa a shiga ɗaya bayan ɗaya, ya ce to wa zai yi musu tafinta? Haka na juya na kalli takalmina na fassara wa Baba. Sai ya ce, “Mun baro zafi a Dubai, mun biya kuɗin jirgi, don a gasa mu a nan? To, mu je. Ka dai kalli gabanka.”

A cikin ɗakin benci hawa-hawa ne. Ba tare da wani tunani ba Baba ya haye na can sama kusa da mai gida, ni na rakuɓe a na ƙasa, na juya musu baya ina fuskantar bango, kamar yadda tarbiyya ta ce. Abin da ba mu sani ba, zafi sama yake taruwa. Ni a ƙasa ina jin ɗumi mai daɗi, Baba yana can yana dahuwa. Baturen ya lura, ya ce in gaya masa ƙasa ta fi sauƙi. Na faɗa. Baba ya ce ya sauko ya zauna kafaɗa da kafaɗa da wa? Kuma Bakano ba ya gudun zafi a gaban Bature.

Don girmamawa, mai gida ya miƙa masa ludayi da bokitin ruwa. Baba ya ɗauka an tausaya masa ne, ruwa ai kashe wuta yake. Ya cika ludayi ya sheƙa wa duwatsun, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Wani tururi ya taso ya mare mu, har kunnuwana suka yi zugi. Na ji Baba yana salati ƙasa-ƙasa. Baturen ya yi dariyar farko tun zuwanmu, ya ce in gaya wa dattijon nan bai taɓa ganin baƙo jarumi irinsa ba. Sai kuma ya miƙo min wani damin ɗanyen ganye, ya ce in riƙa fyaɗa wa Baba a baya, jini yake motsawa. Na ce, “Baba, wai in dake ka.” Ya ce, “Gwada.” Ya karɓe ganyen, ya zuba min biyu masu kyau a gadon baya, ya ce wannan al'adar kam ta yi.

Ban san ko zafin ne ya narkar min da ƙwaƙwalwa ba, ko don ba na ganin fuskarsa. Ina kallon bango na ji bakina ya buɗe. Na ce masa ina son iyalina, na gaji da dawowa daga aiki in tarar da ɗaki a kulle, biza za ta mutu, kuma ina roƙon ya ba ni su. Can Baba ya ce in fara buɗe ƙofar nan tukuna, kafin a kai gawarsa Kano.

Muna fitowa Baturen ya ruga ya faɗa ruwan sanyi ya bar mu a dakalin katako. Baba ya tsoma ƙafafunsa a ruwan. Ranar na fara ganinsa ba hula, ba babbar riga. Ashe kansa duk furfura ne, kafaɗunsa sun zube, rigar ce take cika shi. Yana kallon ruwan ya ce tun a Kano ya san da maganar biza, 'yarsa ta gaya wa uwarta, uwar ta gaya masa, har ya ɗauka sai ta mutu zan yi magana.

“Yarinyar nan ita ke cire min takalmi in na dawo daga kasuwa,” ya ce. “Shi ya sa na yi ta ja. Amma kwanaki na nuna mata hotonka na ce wane ne wannan, ta ce mutumin cikin waya ne. Abin ya tsaya min a rai. Ka turo tikiti, Malam.”

Ba zan ɓoye muku ba, hawaye na yi. Farin ciki ne, amma tausayin tsohon nan ya fi yawa. Bayan nan aka ƙulla ciniki, aka kawo tulin jajayen ƙwarin ruwa masu ƙahonni, aka ɗaura wa kowa ƙyalle a wuya da hular takarda, don lokacin bikin cinsu ne. Baba ya ƙi hular, ya ce wannan ai kunamar ruwa ce, sannan ya ci fiye da kowa. Ni ma ranar na ci a gabansa, ban mutu ba.

Da muka sauka Dubai zafi ya rungume mu tun daga ƙofar jirgi. Baba ya gyara hularsa, na durƙusa na yi masa sallama, kunya ta koma mazauninta, ya wuce Kano. Abin da na koyo ba shi da yawa. Helsinki gari ne mai tsabta da natsuwa, ku je, amma kada ku yi tayi, ku rufe farantinku, in kuma an kai ku sauna kada ku ba babba bencin sama. Na kuma gane cewa na daɗe ina kiran tsoro da sunan ladabi, kuma ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin da shi Baba zai rasa ba.

Matata da yarinyar sun sauka ranar Juma'ar da ta wuce. Yarinyar ta wuni tana ɓuya a bayan uwarta, tana leƙo ni. Bayan la'asar wayata ta yi ƙara, kiran bidiyo ne daga Kano. Baba ne zaune a zaure, yanzu ya dawo daga kasuwa, takalminsa a ƙafa. Bai tambayi kwantenar takardarsa ba, ya ce in ba shi ita. Na miƙa mata wayar, ta rungume da hannu biyu, ni kuma na fita baranda na ba su wuri.